Wa Ke Da Haƙƙin Tukwici a Gidan Abinci?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun daren Asabar, kuma ina so in ji ta bakin manya da masu sana'ar da ke cikinmu. Na ɗauki iyalina zuwa wani gidan abinci a nan Kano, irin waɗanda ake zama a kawo wa mutum takardar jerin abinci ya zaɓa. Mun ci na naira 24,000, amma da aka kawo rasit sai na ga 28,200, domin an ɗora 1,800 na harajin VAT, an kuma ɗora 2,400 da aka ce kuɗin hidima ne. Ban ja ba, na miƙa kati aka cire. Saurayin da ya yi mana hidima da ƙyar in ya haura shekara ashirin, kuma tun da muka zauna bai huta ba. Ƙaramar 'yata ta kifar da lemo a kan tebur, ya goge ba tare da ya ɓata rai ba, ya sake kawo mata wani kofi. Da za mu tashi sai na tambaye shi a hankali ko wannan 2,400 ɗin yana zuwa hannunsu. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai albashinsa kawai ya sani. Na laluba aljihu ban sami ko naira ɗari ba, saboda tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 na saba fita da kati da waya kawai. Na ce ya ba ni lambar asusunsa, ya ce an hana su karɓar taransifa daga baƙi. Haka na fito ban ba shi komai ba, alhali takarda ta nuna na biya kuɗin hidimarsa. Shin ya kamata in ba shi tukwici ne bayan na biya wancan, ko kuwa wannan al'ada ce ta wasu da muke neman ɗora wa kanmu?

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsa. Kafin a yi maganar tukwici, bari in tuna wa matasanmu cewa shi kansa cin abinci a waje sabon abu ne ga magidancin Bahaushe. Lokacin da muke yara a shekarun 1960, idan aka ga mai iyali ya tsuguna gaban mai tuwo-tuwo da daddare, to washegari unguwa za ta tambaya ko matarsa ta yi yaji ne. Abincin sayarwa na gwauro ne, da baƙo, da lebura, da ɗan kasuwar da ya yi nisa da gida. Ko fatake ma idan sun sauka, fatomansu ne ke ciyar da su daga cikin gidansa. Abin da muka sani shi ne ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci za a fito masa da akushinsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, maƙwabta biyar ko shida su haɗa akusan wuri guda, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, zai ci ya ƙoshi ba tare da an furta komai ba, kuma gobe za ka ga an aika masa da kwanon dawa ta bayan gida. Gidajen abinci na zama a kan benci sun fi yawa ne a Sabon Gari da wajen tashar jirgin ƙasa, wuraren da suka bunƙasa bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911 ya kawo ma'aikata daga kudu waɗanda ba su da gidan da za a dafa musu.

Game da tukwici kuwa, ni abin da na sani shi ne kyauta ake yi wa tukwici. Ranar suna ko ranar Sallah za a aiko yaro da langar abinci, uwargida ta juye, ta wanke langar, ta saka taro ko sisi a ciki, domin ba a mayar da kwano haka nan. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Amma abin da ka sa kuɗinka ka saya, mai sayarwa ne ke ƙara maka. Ka sayi ƙosai na kwabo, mai ƙosai ta jefa maka ɗaya a kai ta ce ga gyara. Yau an juya abin, an ɗauke gyara, an kuma ce mai saye ne zai ƙara. Ni ban ga dalilin da za mu karɓi wannan ba.

Maman Ilham:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na ji daɗin bayaninka, amma ina ganin misalin da ka kawo yana goyon bayan Baban Hafsa ne. Wa ake ba wa taron nan da ake sakawa a langa? Ai yaron da ya ɗauko ne, wanda bai sayi dawar ba, bai tuƙa tuwon ba, ƙafarsa kawai ya sa. Ashe tun asali tukwici na ɗan aike ne, na wanda ya tsaya tsakanin mai abu da mai karɓa. To wannan saurayi da ke zirga-zirga tsakanin kicin da tebur, shi ne yaron langa na wannan zamani. Mai ƙosai tana iya yin gyara saboda ita ce mai kasko, ita ce mai ribar. Shi kuwa wannan yaron ba shi da ikon ƙara maka ko ƙwayar shinkafa ɗaya.

Sannan ina so a yi wa mata adalci a cikin wannan tarihi. Gaskiya ne magidanta ba sa zama a buka, amma garin nan ya daɗe yana cin abincin sayarwa. Koko da ƙosai na safe, ɗanwake, waina, dambu, alkubus, fura, duk daga cikin gidaje suke fitowa, mata na dafawa a tsare, 'yan mata na ɗaukar talla a ka suna bi zaure-zaure. Gurasar Jakara ma da ake alfahari da ita, hannun mata ne ke shiga tanderu ya ciro ta. Abin da ya canza shi ne da abinci ke zuwa wajen mai ci, yanzu mai ci ke zuwa wajen abinci, kuma da iyalinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci sai ƙarfe tara na dare nake barin asibiti. Idan maigidana ya biya ya sayo mana abinci a roba, ba wanda ya yi yaji.

Ɗan Zango Kumasi:
Salamu alaikum daga Ghana. Maganar Maman Ilham ta tuna mini cewa a nan kurmi mu Hausawa ne aka sani da sayar da abinci a bakin titi. Abincin da 'yan Ghana ke kira waakye, sunan daga wake ya fito, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Tuo zaafi tuwon zafi ne, koko kuwa har yau Hausa koko ake ce masa idan za a saya. Iyayenmu mata na zango da wannan sana'a suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu. Gyara ma da Baba ya ambata ta yi tafiya, domin ita ce mutanen kudancin Najeriya ke kira jara. A wajen mai waakye ba wanda ke ba da tukwici, kai ne ma za ka ce Hajiya a ƙara mini taliya. Sai ka shiga manyan wurare a Accra sannan za ka ga ana jiran ka bar wani abu. Saboda haka ni ina ganin ya danganta da wurin: inda mai tukunya ce ke zuba maka da hannunta, gyara ce ke aiki, inda kuma ma'aikaci ne ke hidima, a nan maganar tukwici ke tasowa.

Hajiya Mai Abinci Kaduna:
Tun da ana maganar sana'ata, wajibi ne in sa baki. Shekarata goma sha ɗaya da buɗe gidan abinci, ina da ma'aikata goma sha huɗu. Da farko a raba abubuwan nan biyu da ke kan rasit. Harajin VAT ba namu ba ne, na gwamnati ne, kuma ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Kuɗin hidima kuwa tsarin otal-otal ne da ƙananan wurare suka kwaikwaya. Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa abokan sana'ata daɗi ba: da yawa suna sa shi ne domin farashin da ke kan takardar abinci ya yi kamar da sauƙi, sannan su cike giɓin a ƙarshe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin gas da na dakon kaya daga kasuwa da na man janareta suka ɗaga gaba ɗaya, kuma idan ka ƙara naira ɗari biyar a kan faranti, mutane su koma wani wuri. Na fahimci matsin, amma ban yarda da hanyar ba. Ni ba na rubuta kuɗin hidima. Idan kaya sun tashi nakan ƙara farashi a fili, wanda zai iya ya ci.

Abin da na yi shi ne na ajiye akwati mai kwaɗo a kan kanta. Duk wanda aka ba wani abu zai jefa a ciki, ranar Asabar da daddare a buɗe a gaban kowa a raba. Dalilina shi ne akwai mata biyu a baya da suke wanke-wanke tun safe hannunsu cikin ruwan omo, akwai yaron da ke fere doya da yanka albasa, akwai kuku da ke tsaye gaban wuta. Baƙo ba ya ganin ɗayansu, amma da farantin ya zo masa da maiƙo, da bai sake dawowa ba.

Injiniya a Houston:
Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ina so in ja hankalinmu kan inda wannan hanya take kaiwa idan ba a yi hattara ba, domin ina zaune a ƙasar da ta kai ƙarshenta. A Amurka mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma doka ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa hujjar cewa tukwici zai cike sauran. Idan bai cike ba, doka ta ce mai gida ya cike. Wasu jihohi kamar Kalifoniya sun ƙi wannan tsari, amma a nan Texas shi ake bi. Saboda haka wanda ya ci abinci bai bar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, a zahiri ya rage wa ma'aikaci albashi ne. Abin ya daina zama alheri, ya koma bashi. Yanzu ma ko kofi ka saya a tsaye, sai a juyo maka allon na'ura ka zaɓi kashi nawa za ka bari, ma'aikaci na kallonka, na bayanka ma na kallonka. Na taɓa zuwa Japan da aiki, na ga can ba a ba da tukwici sam, kuma hidimarsu ba ta gaza ta kowa ba. Tsorona shi ne ranar da masu gidajen abinci a Najeriya suka tabbatar baƙi na bayarwa, za su fara lissafa shi a cikin albashi. Abin da ya fi dacewa mu kwaikwaya shi ne dokar Ingila da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, wadda ta tilasta wa masu wuri su miƙa wa ma'aikata tukwici da kuɗin hidima gaba ɗaya ba tare da sun yanki komai ba.

Ɗan Maradi:
A wajenmu a Nijar tsarin Faransa muka gada, inda farashin da aka rubuta ya riga ya ƙunshi hidima. Idan mutum ya ci a babban wuri a Yamai, yakan bar canjin da ya rage, dala ashirin ko dala arba'in na kuɗinmu, wato sefa ɗari ko ɗari biyu, mai hali ya bar jika guda, wato sefa dubu. Ba a lissafa kashi kaza, kuma ba wanda zai bi ka da ido in ba ka bari ba. A wajen mai dambun kopto ko mai tukuɗi kuwa maganar ba ta tasowa ma.

Tsohon Weita:
Na daɗe ina karantawa, ina ta shawarar ko in yi magana. Na yi wannan aiki shekara uku a Abuja kafin Allah ya sa na samu na koma karatu. Yallaɓai Baban Hafsa, amsar da yaron nan ya ba ka, ita ce amsar da aka koya mana mu bayar. A wurin da na yi aiki ana ɗora kashi 10 na hidima a kan kowane rasit, kuma ban taɓa ganin ko kwabo daga ciki ba. An ce mana da shi ake maye faranti da kofunan da suka fashe, amma ranar da tire ya suɓuce mini, daga albashina aka cire kuɗin. Idan baƙo ya tashi bai biya ba, kai da ke kula da teburin za ka biya. Mukan shiga ƙarfe goma na safe mu fito sha ɗaya na dare. Abin da ba na mantawa shi ne azumi. Da an kira sallar magariba wurin zai cika da masu buɗa-baki, kai kuma ka jefa dabino ɗaya a baki ka kurɓi ruwa a bayan ƙofa, ka ci gaba da ɗaukar farfesun kaza da kunun gyaɗa kana kai wa mutane, sai wajen ƙarfe tara ka samu ka zauna ka ci naka.

Game da akwatin Hajiya, ina ganin tsari ne mai kyau idan a gaban kowa ake buɗewa kamar yadda ta ce. Na san wurin da manaja ke buɗewa shi kaɗai a ofis. Shi ya sa yawancinmu muka fi so a danƙa mana a hannu. Wahalar kuɗi ta 2023 ta taɓa mu fiye da yadda ake zato, domin da mutum zai ce riƙe canjin, amma na'urar POS ba ta da canji. Ana maganar mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin gidajen abinci ba su kai ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi ciwo, wato yadda ake kiranmu. Wani zai tafa hannu, wani ya yi maka tsaki, wani ya ce kai, zo nan. Akwai wani dattijo da ke zuwa duk ranar Juma'a, bai taɓa ba ni fiye da naira ɗari biyu ba, amma ya tambayi sunana tun ranar farko, kuma da shi yake kirana. Har yau ina sa shi a addu'a.

Malam Na Zariya:
Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, ka faɗi abin da mu masu zama a tebur ba mu gani. Abin da zan iya ƙarawa shi ne tukwicin da aka bayar bayan an gama hidima kyauta ce, kuma kyauta halal ce ga mai bayarwa da mai karɓa. Inda ake jin tsoro shi ne a ba ma'aikaci kuɗi tun farko domin ya tsallake waɗanda suka riga ka, ko ya ƙara maka nama daga dukiyar mai gida ba da saninsa ba, wannan ya fita daga babin kyauta. Kuɗin da aka karɓa da sunan hidima kuwa, idan mai saye ya fahimci na ma'aikata ne, kuma mai wuri ya san haka aka fahimta amma ya riƙe, to akwai yaudara a ciki. Imamu Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni idan mai hidima ya kawo wa mutum abincinsa, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ne ya sha zafinsa da wahalarsa. Ina ganin wannan ya amsa wa Baba cewa kyautata wa mai kawo abinci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai albashi haƙƙi ne da ke wuyan mai gida, kuma hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kyautar baƙo ba ta sauke wannan nauyi.

Dattijon Fagge:
Maman Ilham, kin kama ni da hujjata, kuma na karɓa. Yaron langa ne, ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: ranar da aka rubuta tukwici a takarda aka ƙayyade masa kashi, to ya tashi daga tukwici. Uwata ba ta taɓa auna tuwon maƙwabta ba kafin ta san nawa za ta saka a kwano, abin da ke bakin zaninta take kwancewa. Kuma ina jin tsoron kada talaka ya fara jin kunyar shiga wuri saboda ba shi da abin da zai bari. Na lura ma ko teburin mai shayi da muka sani, inda ake hira ana jin labarai a rediyo, yanzu samari sukan karɓi indomi da ƙwai kowa ya duƙufa kan wayarsa, wasu kuma a ƙulle musu a leda su tafi. A unguwarmu gida uku ne kawai suka rage da muke fito da kwano bayan magariba.

Hajiya Mai Abinci Kaduna:
Ɗana Tsohon Weita, maganar buɗa-baki ta taɓa ni, domin a wurina ma haka ake yi, ban taɓa tsayawa na duba ba. In Allah ya kai mu azumi mai zuwa zan raba su kashi biyu, rabi su zauna su ci na minti goma sha biyar, sannan su karɓi sauran. Maganar taransifa kuma, dalilin da ya sa wasunmu ke hanawa shi ne an sha samun ma'aikacin da ke ba da lambar asusunsa a maimakon ta shago, kuɗin abinci ya shige aljihunsa. Ni abin da na yi shi ne na buɗe asusu daban da sunan babbar ma'aikaciyata, na manna lambar a jikin akwatin, saƙon shigar kuɗi yana zuwa wayar da ke kan kantar shago inda kowa ke gani.

Baban Hafsa:
Na gode ƙwarai da gaske, musamman Baba da Malam da ɗan'uwanmu da ya buɗe mana cikinsa. Jiya bayan la'asar na cire kuɗi a wajen mai POS na koma wurin. Na tarar yaron ba ya aiki ranar, sai abokin aikinsa ya faɗa mini sunansa, ya ce jibi yana da safe. Na nemi ganin manaja na tambaye shi inda kuɗin hidima ke tafiya, ya ce wannan magana ce ta mai wurin, kuma mai wurin ba ya gari. Na bar masa lambata na ce ina jiran amsa, domin ita ce za ta nuna ko zan sake kawo iyalina. Na sa naira dubu biyu a ambulan na rubuta sunan yaron, amma da na tuna maganar manajan da ke buɗe akwati shi kaɗai sai na fasa barinta, na mayar aljihu. Gobe kafin in wuce ofis zan biya in danƙa masa a hannu. Hajiya, idan ina so wani abu ya kai ga masu wanke-wanke a wurin da ba shi da irin akwatinki, ta wace hanya zan bi ya isa gare su?